Ranar da Kawu Orozbek Ya Tuƙa Bangon Ɗaki

Wata ɗaya da dawowata daga Koriya, inda na shekara bakwai ina naɗe kwali a wata masana'anta, na gane ƙafafuna sun manta yadda ake zama. Da safe in zagaya lambun mahaifiyata sau uku, in gangara bakin tafkin Isik-Kul in yi ta jifan ruwa, in dawo in tarar ko shayin hantsi ba a ɗora ba. A irin wannan gantalin ne Kawu Orozbek, yayan mahaifiyata, ya yi caraf da hannuna.

"Jeen," ya ce, don haka kawu ke kiran ɗan 'yar'uwarsa a wajenmu, "zo ka raka ni mu je mu sha dariya."

Wurin dariyar wata tsohuwar rumfa ce a bakin tafki. Akwai mutum biyar ko shida a ƙauyenmu da ciwon ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ya kama. Da zarar sanyi ya sake su sai su tare a can, suna goge katako, suna shafa gam, suna musu a kan igiya kamar masu rabon gado. Ƙarshen watan Agusta kuma su jera jiragensu su tafi wani tsinin ƙasa mai bishiya ɗaya tal, su sha shayi a gindinta su dawo. Shugabarsu Zinaida Karlovna ce, tsohuwar malamar kimiyya mai shekara saba'in da wani abu, wadda ta koyar da ni, ta koyar da mahaifiyata, ta kuma yi iya ƙoƙarinta a kan Kawu.

Mun tarar da Esenkul, likitan dabbobi, ya duƙa yana goge cikin wani ɗan jirgi.

"Wannan kuma akurkin kajin wa ake haɗawa?" Kawu ya tambaya.

"Jirgi ne, Orozbek bayke," in ji Esenkul, don haka ake kiran wanda ya girme ka a wajenmu. "Na uku ke nan da na yi."

"Ina na biyun?"

"Yana ƙasan ruwa yana hutawa."

Kawu ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya girgiza kai. "Gam da falanki. Ni da na shekara biyu a rundunar ruwa a Vladivostok, in na ga irin wannan sai zuciyata ta yi ciwo."

"Matarka ta ce a ɗakin ajiyar dankali ka yi shekara biyun," in ji Zinaida Karlovna, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Dankalin jiragen yaƙi, Zinaida Karlovna. Ke dai faɗa min, kakanninmu da gam suka haɗa bozuy? Ɗaki guda, ba ƙusa ko ɗaya, itace da fata da gashin tumaki, iskar dutse ta yi ta dukansa shekara hamsin yana tsaye. To kifar da shi, ki ɗora a kan ruwa. Me ya zama?"

"Jiƙaƙƙen bozuy."

Rumfa ta ɗauki dariya. Kawu ya jawo ni gaba. "Ku yi ta yi. Ga injiniyana nan, shekara bakwai yana ƙera jiragen ruwa a Koriya."

"Tayke," na ce, wato kawu a harshenmu, "kwali nake naɗewa."

"Kwalin kayan jirgi. Yi shiru." Ya juya ga jama'a. "Ranar tafiyarku zan fito da jirgi irin namu na gado. In kun iso gindin bishiyar nan za ku tarar na sha shayi na wanke kofi."

Sai a hanyar gida na tambaye shi inda zai samo kayan. Ya dube ni kamar na tambayi inda ake samo ruwa a bakin tafki.

Matarsa, Burulkan, tana da bozuy da mahaifiyarta ta bar mata, a naɗe a ɗakin ajiya. Bangonsa ragar itace ce ja, wadda muke kira kerege, guda shida, ana buɗe su a haɗa su zagaye, in an gama a naɗe kowace ta koma damin sanduna. A ranar Asabar ta ƙarshen Agusta za a kafa shi a tsakar gida, domin dangin saurayin 'yarsu Akilay za su gangaro daga At-Bashi ganin gida karo na farko. Mutanen dutse ne. Sai sun dubi ɗakin da aka sauke su a ciki sannan su dubi fuskar amarya. Tun farkon shekara Burulkan ke wanki da ɗinki da shanya saboda wannan rana.

"Tafiyar jirage ranar Alhamis ce," in ji Kawu. "Ita kuma gobe za ta Bishkek da Akilay sayayya, sai Juma'ar can za su dawo. Mu ari kerege biyu, mu yi tafiyarmu, mu kwance, mu mayar. Wa ya gani?"

"In ta gane fa?"

"Kai ka ɗauka. Ɗan 'yar'uwa in ya ɗauki abu a gidan kawunsa ba a ƙwacewa, ba a faɗa. Al'ada ce, ba ni na kafa ta ba."

Da ina da abin yi da na ƙi. Ba ni da shi.

Motar Bishkek na shan kwana muka fito da kerege biyu, da manyan barguna biyu na daɓaɓɓen gashin tumaki da ake lulluɓe bango da su, da doguwar sandar da ake ɗaga rufi da ita, wadda Kawu ya ce Allah ya halicce ta ne don ta zama jigon rataya zanen iska a jirgi. Muka buɗe ragar a bayan gida, muka lanƙwasa ta kamar kwarya mai tsawo, muka gitta sanduna a tsakiya don kada ta naɗe. Duk mahaɗa Kawu ya ɗaure ta da ɗanyen ƙirgi da ya jiƙa a bokiti, irin ɗaurin da aka yi wa ragar ita kanta tun asali. Kwana biyu a rana, ƙullin ya ƙame. Ya hau kai ya yi tsalle.

"Ka gani? A jiƙe ake ɗaurawa, in ya bushe ya zama ƙarfe."

"In ya sake jiƙewa fa, Tayke?"

"Wa zai jiƙa shi? Shi yana ciki, bargo na waje. Koriya ta sa maka tsoro, yaro."

Don kada bargon ya sha ruwa, ya narka kitsen jelar rago biyu muka shafe shi ciki da bai. Kafin la'asar labari ya kai wa karnukan ƙauye. Na farko ya zo ya zauna nesa kamar mai jiran a gama salla. Na biyu ya zo da abokinsa. Muna shiga cin abinci muka fito muka tarar da tara, sun kewaye jirgi suna lasa cikin natsuwa, ɗaya kuma ya riga ya ci goshin jirgin ya zura kai ciki.

Washegari maƙwabciyarsu Kalicha ta leƙo ta katanga. "Orozbek, me ka ba karena? Ya dawo yana sheƙi kamar sabon takalmi, na ba shi burodi ya dube ni ya kau da kai."

"Sirrin rundunar ruwa ne, Kalicha."

"To sirrin nan ya kai har kicin ɗina, ƙudaje sun bar shanu sun koma gidanka. Burulkan ta san da wannan?"

"Burulkan ce ta ba da shawara."

Kalicha ta dube shi, ta dube ni, ta sauke kanta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai don wata rana.

Ramin goshi muka toshe da tsohon takalmin sanyi na Kawu, shi ma na gashin tumaki ne. Bakin takalmin ya zauna daidai, amma ƙafarsa ta leƙo gaba, sai jirgin ya zama kamar yana shirin harbin wani. Zanen iska kuwa, Kawu ya samo shi a wajen wani mai kanti: tsohon ƙyallen tallar man goge baki, da ya yanka shi kusurwa uku ba abin da ya rage sai haƙora. Haƙora farare tas, kowane ya kai kan jariri.

Ran Laraba Zinaida Karlovna ta biyo ta kan kekenta ta tsaya tana kallo. Ta zagaya jirgin sau ɗaya, ta leƙa ƙarƙashi.

"Ina katakon da zai shiga ruwa ya hana shi tafiya a kaikaice?"

"Doki yana da katako a ciki?"

"Doki yana da ƙafa huɗu a ƙasa, Orozbek."

"Wannan yana da ni."

Ta juyo gare ni. "Ilgiz, ka iya iyo?"

Na ce na iya.

"To," ta ce, ta hau kekenta.

Ranar Alhamis iska ta ƙi zuwa. Tafki ya kwanta kamar an goge shi da dutsen guga. Jama'a suka zauna a rumfa har azahar suna lasar yatsa suna ɗagawa sama, daga ƙarshe Zinaida Karlovna ta ce an ɗage sai Asabar da safe. Na ja Kawu gefe.

"Tayke, Asabar baƙi ke zuwa. Mu kwance yau, kitsen ma ya samu ya fita."

Na ga alamar ya fara lissafi, sai Esenkul ya ɗaga murya daga can. "Orozbek bayke, Allah ya cece ka ke nan. Ka ce mana da iska ta zo da ka ci, mu kuma mu yarda, kowa ya huta."

Kunnen Kawu ya yi ja. "Asabar," ya ce. "Da safe. Baƙi sai la'asar, ai akwai lokaci a tsakani."

Juma'a Burulkan ta dawo da jakunkuna goma sha ɗaya. Mun riga mun ɓoye jirgin a bayan rumfar bakin ruwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakin ajiya, muka ji shiru, irin shirun da ke sa kaji su bar tsakar gida. Ta fito.

"Baban Akilay. Shida na bari, huɗu na gani."

"Jeen ne ya ɗauka," Kawu ya ce da sauri, ya nuna ni da cokali.

Ta juyo. Burulkan gajeriya ce, amma in ta dube ka sai ka ji kamar daga sama take dubanka. "Ilgiz, me za ka yi da bango biyu?"

"Mai zai shafa musu," in ji Kawu. "Wani mai ne na Koriya. In an shafa sai itace ya yi ta ƙyalli. So yake ya ba ki mamaki."

"Da barguna biyu?"

"Su ma."

"Da sandar rufi?"

"Ya zage ne, yaron kirki."

Ta daɗe tana kallona. Ni kuwa na ga wata tururuwa a ƙasa da ban taɓa ganin mai ban sha'awa kamarta ba.

"Ɗan 'yar'uwa ba a yi masa faɗa," ta ce a ƙarshe. "Amma gobe kafin azahar in ga kayana a tsakar gidan nan. In ba haka ba akwai wanda al'ada ba ta hana ni yi wa ba."

Asabar ta waye da iska mai kyau daga yamma. Kawu ya fito cikin rigarsa ta soja mai ratsin shuɗi da fari, wadda aka ɗinka wa wani saurayi siriri shekara arba'in da suka wuce. Ta sauko ta tsaya a saman cibiya ta ce nan ne iyakarta. Muka kinkimo jirgin zuwa ruwa, karnuka goma sha biyu na biye da mu a jere kamar masu rakiyar gawa. Rabin ƙauye na bakin tafki. Kalicha ta zo da kujerarta.

Muka ajiye shi a ruwa. Ya tsaya.

Wallahi ya tsaya. Kawu ya shiga, na shiga, ya ɗan nutsa ya sake tsayawa. Na ja igiya, haƙora suka buɗe, iska ta cika su, jirgi ya zabura da takalminsa a gaba. Ba shi da nauyin kirki, sai ga mu mun wuce jirgi ɗaya, mun wuce na biyu, mun jera da Esenkul.

"Likita," Kawu ya kira, ya harɗe hannu a ƙirji, "in aiko maka da igiya in ja ka?"

Esenkul ya bi mu da ido, bakinsa a buɗe.

"Jeen, ka lura da fuskokinsu. Baɗi zan buɗe masana'anta. Kai ne manaja. Ba sai ka sake zuwa ƙasar kowa naɗe kwali ba."

Ban ɓoye muku ba, minti goma cur na yarda da shi. Iska na dukan fuskata, duwatsu masu farin kai sun kewaye mu, karo na farko tun dawowata ƙafata ba ta son zuwa ko'ina.

Sai na lura bishiyar da muka nufa ta koma gefen kunnena na dama.

"Tayke, bishiya na can."

"Na gani."

"Mu kuma muna tafiya nan."

"Dabara ce. Kewayowa za mu yi."

Goshin jirgi na kallon bishiya, amma jirgin kansa a kaikaice yake tafiya kamar ƙaguwa, yana bin gaɓa zuwa gabas, wajen farin yashin da mutane ke zuwa shan iska. Kawu ya murɗa katakon juyawa dama, ya murɗa hagu, ya yi masa tsawar da ake yi wa doki. A banza. Sannan na ji sanyi a mazaunina. Bargon bai yoyo ba, a'a, sha yake yi, a hankali, ta duk inda karnuka suka lashe. Na danna shi da yatsa ruwa ya taso.

"Gumi ne," in ji Kawu. "Sabon jirgi yana gumi."

Ƙullin farko da na taɓa ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Na nuna masa. Ya ce in daina taɓe-taɓe. Sandar da muka gitta a gabana ta zame daga ɗaurinta, ta faɗa ruwa ta yi gaba abinta. Ta biyu ta bi ta. Daga nan kerege ta tuna aikin da aka yi ta dominsa shekara sittin, wato in an kwance ta, ta naɗe.

Ba ta yi gaggawa ba. Jirgi ya fara tsawo yana tsukewa. Takalmin goshi ya yi nisa da mu. Gefe da gefe suka matso suka gaisa da gwiwoyina, na miƙe na dafa jigo. Kawu yana zaune a wuri mafi faɗi, shi ne kuma mafi faɗi a wurin, don haka a kansa ragar ta tsaya. Ta kama shi ta haƙarƙari biyu, tumbinsa ya fito ta ramukan raga gida-gida kamar ƙullun da aka danna wa matankaɗi.

"Jeen, buɗe ta."

"Ta ina?"

"Kai ne injiniya."

"Kwali, Tayke."

Jigo ya kwanta, haƙora suka faɗi a kan ruwa suna ta murmushi. Bargunan da suka ƙoshi suka saɓule daga jikin itace kamar wandon da tazugensa ya tsinke, suka rataya a ƙasa. Abin da ya rage a saman tafki shi ne doguwar raga ja, da Kawu a tsakiyarta ruwa iya ƙirji, da ni ina iyo a gefe ina riƙe da shi ta wuyan riga. Muna nesa da farin yashi kamar jifa biyu.

A kan yashin akwai mutane kusan goma cikin kayan biki, maza da fararen huluna dogaye, mata da farin kallabi. Na ce a raina baƙin wani ne. Sai na hangi gajeriyar da ke gabansu.

Abin da ya faru, daga baya Akilay ta ba ni labari: mutanen At-Bashi ba su san tafiyar rana ba, tun asuba suka taso, ƙarfe goma suna ƙofar gida. Ɗaki ba a kafa ba, maigida ba ya nan. Burulkan ta ba su shayi a tsaye, ta ce ai ba a zuwa Isik-Kul a zauna ba a gaida ruwa ba, ta kwaso su zuwa bakin tafki don ta sayi lokaci.

Zinaida Karlovna ce ta juyo da jirginta na gam da falanki, ta zo ta gefenmu a natse, ta jefo min igiya.

"Ɗaura a takalmin," ta ce. "Shi kaɗai ne ban ga ya motsa ba."

Haka ta ja mu zuwa gaɓa, Kawu a cikin raga kamar kifin da aka kamo don gasa. Da ƙasa ta taɓa ƙafarsa ya yi ƙoƙarin miƙewa da mutunci, ragar ta miƙe tare da shi, mita biyu gaba mita biyu baya. Karnuka suka iso da gudu ta gaɓa.

Wani dattijo mai dogon gemu, Sultanmurat, mahaifin saurayin, ya matso yana kallo da hannu a baya.

"Baiwar Allah," ya ce wa Burulkan, "wannan kerege ce ko idona ne?"

"Kerege ce, kuda." Haka surukai ke kiran juna.

"Aikin hannu mai kyau. Irin wannan lanƙwasa an daina yi. Ta wace ce?"

"Ta ɗakin da za ku zauna ce."

"Shi kuma bawan Allahn da ke ciki?"

Burulkan ta ja numfashi. "Shi ne kudanku."

Kawu ya zaro hannu ta ramin raga ya miƙa. "Barka da zuwa, kuda. Kun sha hanya. Wanke muku bangon muke yi. A nan bakin tafki haka muke karrama manyan baƙi, sai an kai ɗaki ruwa an..."

"Baban Akilay."

"Jeen ne ya ɗauka."

"Na sani. Shi al'ada ta ba shi ya ɗauka. Nuna min inda ta ce kawu ya shiga ciki ya zauna." Ta juyo gare ni, ina tsaye ruwa na zuba daga wandona. "Ilgiz, abin da ka ɗauka naka ne, ba na ƙwacewa. Yanzu ni baƙi gare ni. Za ka ara min?"

"Na ba ki duka, har da abin da ke ciki."

"Abin da ke ciki ka bar shi, ban san inda zan ajiye ba."

Dattijo Sultanmurat ya yi tari, ya sake yin tari, ya juya baya yana kallon duwatsu, kafaɗunsa na rawa. Matarsa ta toshe baki da gefen kallabi. Akilay ta ɓoye fuska a bayan saurayinta, ban sani ba ko kuka take ko dariya, ita ma ta ce ba ta sani ba.

Mutum huɗu suka ja ragar ta gefe biyu kafin Kawu ya fito, jikinsa duk zanen gida-gida. Daga nan ƙauye ya nuna halinsa. Masu jirage suka fasa shayin gindin bishiya, suka kinkimi itace zuwa gida. Kalicha ta aiko da barguna biyu busassu daga nata ɗakin, tare da saƙon cewa a wanke mata su daga nesa da Orozbek. Samarin At-Bashi suka tuɓe rigunan biki suka kama aiki, don su kafa bozuy a wajensu kamar ɗaura takalmi ne. Kafin la'asar ɗaki ya tashi.

Sai dai kerege biyun nan ƙullinsu bai bushe ba. Da aka ɗora musu sandunan rufi sai suka fara durƙusawa a hankali, ɗakin ya karkata wajen ƙofa kamar mai jin barci. Aka ɗaga, suka sake durƙusawa. Dattijo ya taɓa ƙullin ya ce sai gobe da rana zai ƙame. Kafin nan dole a samu abin da zai tokare mahaɗar biyun daga ciki, mai nauyi, mai faɗi, wanda ba ya motsi.

 Burulkan juyawa kawai ta yi, kowa ya bi idonta.

Haka aka yi walimar. Baƙi a can ciki wurin girma, shimfiɗa cike da soyayyen ƙullin fulawa da muke kira borsok, da zuma da nama, maigida kuwa a bakin ƙofa inda yara ke zama, bayansa manne da bango, hannayensa biyu a miƙe yana riƙe da raga ta dama da ta hagu. Esenkul ne ya yanka naman a madadinsa, yana yi yana tambayarsa ko a aiko masa da igiya. Dattawa suka yi addu'a, aka sa ranar biki, aka sa wa Akilay 'yan kunne, Kawu ya ce amin da ka.

Da aka kawo babban akushi, Sultanmurat ya dunƙulo nama da taliya a hannunsa, ya taso da kansa ya zo har bakin ƙofa ya sa wa Kawu a baki, yadda babba ke yi wa wanda yake ji da shi.

"Ci, kuda. Na aurar da 'ya'ya biyar, na shiga ɗakuna da yawa, ban taɓa shiga wanda maigida ya riƙe min da hannunsa ba." Ya tsuguna a gabansa. "An ce ka yi aikin teku. Ni ban taɓa ganinta ba. Da gaske ne igiyar ruwanta na fin doki tsayi?"

Kawu ya haɗiye. Idonsa ya kawo haske.

"Doki? Kuda, wata rana muna tsakiyar teku, ni ne a kan sitiyari, sai ga wata ta taso, tun daga nan har..."

Ya saki bango ya ɗaga hannu. Rufi ya yi ƙara, sanda ɗaya ta zame ta faɗo cikin kwanon zuma, ɗaki ya sunkuyo, mata suka dafe kofuna.

"Baban Akilay," in ji Burulkan daga wajen tukunyar shayi, ko juyowa ba ta yi ba. "Hannu."

Ya mayar da sauri. Ɗaki ya miƙe. Dattijo na tsugune yana jira.

Kawu ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. Sannan ya ɗaga girarsa sama iya inda za ta iya zuwa.

"Kamar haka," ya ce. "Amma ka ƙara kaɗan."